Yadda Aka Yi Wa Wani Yauni Ƙaura A Gaya Ba Tare Da Asara Ba

Duk mai shiga manyan otal-otal da gidajen cin abinci na Yamai ko Kwatano ko Kano, ko kuma falon wasu masu hannu da shuni, zai lura cewa ana yayin ajiye kifi mai rai a cikin akwatin gilas don ado. Da can ƙananan kifaye masu launi ake zubawa. To amma ɗan Adam da son a ce nasa ya fi, sai ga shi an koma neman manya, masu haƙori, irin waɗanda abincinsu shi ne ƴan'uwansu kifaye.

Wannan yayi ya buɗe wa ƴan kasuwarmu na bakin iyaka wata ƴar ƙofa. Kifin da masunci zai jefa cikin kwando a sayar da shi don miya, idan aka kai shi birni da ransa da lafiyarsa, kuɗinsa daban ne. Ba ma a nan kusa kaɗai ba: shekara da shekaru ke nan ana ɗaukar ƴaƴan yauni da gwando da gaiwa da minjirya daga kogunanmu, a tattara su a Legas, a sa su jirgin sama zuwa Turai da Amurka da Asiya. Yaunin da muka sani, a shagunan can ana sayar da shi da sunan aba-aba.

Sai dai kifi mai cin nama ba ya tsayawa inda aka saye shi. Girma yake yi, kuma da sauri. Wata rana dole akwatin ya yi masa kaɗan, ko kuma a sami mai saye a wani gari. A wannan ƙaurar ne yawancin asara ke aukuwa, kuma a kanta muke son mu tattauna da mai karatu, bisa abin da muka gane wa idonmu a garin Gaya.

Giwan ruwan da ya mutu a rana ta biyar

Wani Alhaji ɗan kasuwar albasa ne ya gayyace mu gidansa, domin mu ga yadda za a mayar da yauninsa sabon akwati. Kafin a soma aikin, sai da ya ba mu labarin abin da ya same shi shekaru biyu da suka wuce, wanda har yanzu bai huce ba.

A lokacin yana da giwan ruwa da ya rena tun yana kamar tafin hannu, har ya kai tsawon kamu guda. Da akwatin ya matse shi, Alhaji ya sa aka haɗa masa sabo, babba. Ranar ƙaura ya sa yara suka wanke duwatsu da yashi tas, aka zubar da tsohon ruwa, aka jefar da tsohon soson matata saboda ya yi baƙi yana wari, aka sa sabo fil. Aka cika akwatin da ruwan famfo garai-garai, aka kamo kifin da koma aka jefa ciki. Don murna, da yamma aka ba shi abinci har sai da ya bari. Kwana biyu lafiya lau. A rana ta uku ruwan ya soma yin fari-fari kamar an zuba tsaki. Ta huɗu kifin ya daina cin abinci, ya maƙale a sama yana haki. Da asubahin ta biyar aka tarar da shi ciki a sama.

Alhaji ya ce ya daɗe yana zargin baki ne, saboda yawan masu zuwa kallo. Sai da ya haɗu da wani matashi da ya koyi kiwon kifi, shi ne ya nuna masa cewa babu wani baki, tsabtar da ya yi ce ta kashe kifin. Wannan matashin ne, tare da wani dattijo Basarke da ya tsufa a kan kogin Kwara, Alhaji ya damƙa wa aikin wannan karon.

Abin da ke cikin baƙin soso

Bayanin yana da sauƙi idan aka bi shi sannu. Kifi yana fitar da wani guba da ake kira amoniya, mafi yawa ta wurin jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Irin zarnin nan ne da ke tashi a makewayin da ba a kula da shi. A kogi ruwa na tafiya da shi. A akwati babu inda za shi. Kuma da yake amoniya daga nama take fitowa, kifi mai cin nama ya fi kowane kifi fitar da ita.

Abin da ke ceton kifin akwati shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kashi ɗaya daga cikinsu suna mayar da amoniya wani abu da ake kira naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Wani kashin kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi ta hanyar sauya wani ɓangare na ruwan lokaci-lokaci. Su waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Maƙalewa suke yi a jikin soson matata da tsakuwa da yashi. Wato baƙin soson nan da Alhaji ya jefar, shi ne ke riƙe da ran giwan ruwansa.

A sabon akwati da sabon soso, ƙwayoyin kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da ƙazantar babban kifi. Shi kuwa kifin ba zai jira ba. Shi ya sa mutuwar ba ta zuwa ranar ƙaura, sai bayan an gama yi wa juna barka.

Abubuwa uku ne ke hallaka waɗannan ƙwayoyi: sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo, bushewa, da rashin iska. Saboda haka ba a wanke soson matata a bakin famfo, ba a shanya shi, ba a kuma ƙulle shi a leda na tsawon yini. Idan ya toshe, a ɗan matse shi a cikin bokitin tsohon ruwan akwatin, shi ke nan. Omo da sabulu kuwa ko kusa da akwati kada su zo.

Mutane da yawa suna tsammanin sirrin yana ga tsohon ruwa. Yana da nasa amfanin, domin shi ne ruwan da jikin kifin ya saba da shi, kuma gauraya shi da sabo na rage wa kifi gigita. Amma da za a ce mu zaɓi ɗaya tsakanin duro uku na tsohon ruwa da tsohon soso guda, soson za mu ɗauka.

Wata guda ana shiri

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, aikin da aka kira mu kallo an soma shi tun wata guda kafin ranar. Matashin ya sayo sabuwar matata, maimakon ya ajiye ta sai ya jona ta a tsohon akwatin, tana aiki tare da tsohuwar. A cikin makonni huɗun nan ƙwayoyin sun kama sabon soson. Ranar ƙaura ke nan matata biyu za su bi kifin, dukansu da rai.

Sabon akwatin tsawonsa santimita 200 ne, faɗi 80, zurfi 60. Ɗan kasuwa ya san lissafi: idan aka ninka su aka raba da 1,000, lita 960 ke nan, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. A haɗa da nauyin gilas mai kaurin milimita 12 da yashi da ƙarfen da aka ɗora shi a kai, an haura tan guda, fiye da buhu 20 na shinkafa a wuri ɗaya. Wannan ba kayan da ake ɗorawa kan teburin falo ba ne. Mai walda ya yi masa ƙafafu shida, aka gwada da ma'aunin magina aka tabbatar babu karkata, aka shimfiɗa katako, sannan aka ɗora farin soson nan da ake naɗe talabijin da shi, don kada ƙwayar tsakuwa ɗaya ta danne gilas ya tsage. An cika shi an bar shi kwana uku ana duba ko yana yoyo. Kuma ko da wasa ba a ɗaga akwati da ruwa a ciki, ko da kwata ne, domin gam ɗin da ya haɗa gilasan ba zai jure girgiza ba.

Faɗin nan na santimita 80 ba ado ba ne. Yauni yana tafiya ne da jikinsa a miƙe, akwati mai tsawo amma siriri wahala ne a gare shi. Masu haɗa akwati sun fi son tsawo da zurfi saboda ya fi kyau a ido, alhali babban kifi faɗi yake nema.

Sai maganar ruwa. Na famfo ne aka sa, amma an bar shi kwanaki injin hura iska yana kaɗa shi har kulorin ya fice. Akwai kuma maganin kashe kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa, wanda shi ya fi tabbas, domin wasu biranen suna amfani da wani nau'i da ba ya fita don an bar ruwa ya kwana. Ruwan burtsatse shi ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma sai an kaɗa shi. Mu kuma nan yankin muna da tamu matsalar: wanda ya san gishirin Foga da kanwar Dallol Boso ya san wasu rijiyoyinmu ruwansu yana da zartsi. A cikin ruwa mai kanwa-kanwa dafin amoniya ya fi tsanani. Don haka wanda zai ɗauki kifi daga ruwan kogi zuwa na rijiya, ko daga wani gari zuwa wani, ya dace ya auna ruwan biyu. Akwai ƴan takardun gwaji da ake tsomawa su sauya launi, suna nuna ma'aunin da ake kira pH da amoniya da naitirait, kuma kuɗinsu bai kai na kan kifin ba.

Kwana uku kafin ranar aka daina ba yaunin abinci. Babban kifi mai lafiya yana yin mako bai ci ba, babu abin da zai same shi. Amma idan aka ɗauke shi da ciki cike, zai yi amai ko kashi a cikin ɗan ruwan da aka sa shi, ya ɓata ruwan da kansa.

Kowane kifi da makaminsa

A nan ne dattijon ya karɓi magana, kuma mun ga matashin ya yi shiru yana sauraron Baba, kamar yadda yake kiransa. Ilimin littafi da na kogi sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a sa wa babban kifi koma. Raga tana kankare santsin jikin kifi, wanda shi ne rigar da ke kare shi daga cuta, tana tsaga fuffuke, tana goge ido. Masu ƙaya kuwa, irin su tarwaɗa da ramboshi da kurungu, ƙayarsu kan sarƙe a raga. Kurungu ma kafe tasa yake yi ta ƙi lanƙwasuwa. Idan haka ta faru, ragar ake yankewa da almakashi, ba a jan kifin.

Yauni yakan kai mita ɗaya da rabi har da ɗoriya, nauyinsa ya kai kilo 18. Ba shi da wutsiya irin ta sauran kifaye, sai fuffuke guda da ya bi bayansa, kuma yadda yake tafiya gaba haka yake tafiya da baya. A shekarar 1951 wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila mai suna Hans Lissmann ya bayyana cewa yauni na fitar da wata ƴar wutar lantarki marar ƙarfi da ke kewaye jikinsa, da ita yake gane abin da ke kusa da shi ko a cikin duhu. Ƙarfe musamman nan da nan yake jin sa. Masunta ba su san Lissmann ba, amma sun daɗe da sanin cewa ba a yi wa yauni sanɗa, sun kuma san cizonsa, tun ba lokacin da yake gadin sheƙarsa ba.

Minjirya tata wutar ba ta gane hanya kaɗai ba ce, ta duka ce. Babba tana iya sakin abin da ya kai bolt 300 ko fiye. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, ba a kuma ɗaukarta da abin ƙarfe, sai bokitin roba da safar hannu ta roba mai kauri. Haɗarin ba ga girgizar kaɗai yake ba: mutum kan firgita ya saki abin da ke hannunsa, ko ya buge gilas da gwiwar hannu.

Gaiwa kowa ya san ta da kwana cikin busasshen taɓo har damina ta dawo, saboda haka ake ganin ba ta mutuwa. Amma abin da mutane ba su sani ba shi ne gaiwa tana nutsewa. Da huhu take numfashi, idan aka cika mazubi taf aka rufe ba ta sami hanyar leƙowa ta shaƙi iska ba, sai a tarar da gawa. Gwando da yauni da tarwaɗa su ma suna haɗiyar iska a sama, dole a bar musu fili tsakanin ruwa da murfi. Bakin gaiwa kuma yana fasa katantanwa, yatsa ba komai ba ne a wurinta.

Wanda ya fi kowa wuyar ƙaura shi ne tsage. Haƙoransa ne ake gani a tsorata, alhali shi ya fi kowa raki. Yana son ruwa mai iska sosai, ga saurin firgita, da zarar ya razana sai ya kwasa da gudu ya daki gilas ya fasa baki. Ƙarfin tsallensa kuwa, a 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu sun wallafa shaidar wani nau'in tsage yana fitowa daga ruwa yana cafke tsattsewa tana cikin tashi. Mai irin wannan tsalle ba a buɗe masa murfi a juya baya. A namu ganin, wanda bai ƙware ba ya bar tsage ga masu shi.

Ranar ƙaura

Bayan sallar asuba aka soma, tun gari bai ɗauki zafi ba. Abu na farko, aka zare duk wata wayar wuta da ke shiga ruwa. Wanda ke da hita a akwati, ya kashe ta ya bar ta ta huce kafin ya rage ruwa, in ba haka ba za ta fashe. Aka kori yara waje, aka rage hasken ɗakin, aka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ƙasa tsakanin akwatunan biyu, don ko da kifin ya suɓuce kada ya faɗa kan siminti.

Matashin ya tsoma ma'aunin zafi a nan, ya tsoma a can. Tsohon akwati digiri 27, sabo 26. Ya ce bambancin digiri ɗaya ko biyu ba komai, fiye da haka sai an daidaita. Daga nan aka sa tiyo aka janyo ruwan saman tsohon akwatin zuwa sabo, ba tare da an tayar da dattin ƙasa ba, har ruwan ya rage bai fi taƙi ɗaya a saman bayan kifin ba. Ƙarancin ruwa yana hana kifi samun wurin ɗaukar gudu. Aka cire duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗauke matatun biyu da sosonsu a jiƙe aka jona su a sabon akwati, aka kunna, kafin a taɓa kifin.

Dabarar kamun ita ce ta fi burge mu. Tun mako biyu da suka wuce an jefa wani bututun roba mai faɗin inci 6 a cikin akwatin, irin na magudanar ruwa, wanda ya ɗan fi kifin tsawo. Da yake yauni mai son lungu ne, ya mayar da shi ɗakinsa. Da ya ga ana ta motsi, da kansa ya sulale ciki da baya. Dattijon ya toshe baki ɗaya da murfin roba, matashin ya toshe ɗayan, suka ɗaga shi a kwance da ruwansa, taku biyar, suka nutsa shi cikin sabon akwati suka buɗe. Ba a yi minti ɗaya ba. Babu hannun da ya taɓa kifin, shi ma bai taɓa kowa ba. Alhaji da ya tanadi mutum huɗu don kokawa sai ya tsaya yana dariya.

Ga kifin da ba ya shiga bututu, ana nutsa babbar leda mai kauri ko baho a cikin ruwan, a kora shi ciki sannu da faffaɗan murfin roba, kai a gaba, a ɗaga shi da ruwa. Wanda ya yi girman da baho ba zai ɗauka ba, ana tallabo shi cikin jiƙaƙƙen zane mai santsi, mutum biyu, a rufe masa ido da gefen zanen, domin duhu na kwantar da kifi. Ba a ɗaga shi ta wutsiya, ba a kuma cusa yatsa a gefen kansa kamar yadda ake yi wa na miya. Masu kiwon kifi kan sa man kanumfari a ruwa don kifi ya yi laushi, amma tsakanin laushi da mutuwa ɗigo kaɗan ne, kuma kifi mai haɗiyar iska idan ya yi barci ba zai iya tasowa ba. Shi dai matashin nan bai yarda a sa ba. Wanda kuma ya ji ciwo a wurin aikin, ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, idan ya kumbura ya nemi likita, domin raunin ƙayar kifi yana saurin ruruwa.

Idan hanya ce mai nisa

Taku biyar daban, kilomita kusan 300 daga Gaya zuwa Yamai daban, balle fiye da 700 daga Malanbil zuwa Kwatano. Masu safarar tarwaɗa a yankakkun jarkoki sun san wani abu a kan wannan, sai dai tarwaɗa tana yafe abin da giwan ruwa da tsage ba za su yafe ba.

Kowane kifi mazubinsa daban. Biyu a wuri ɗaya, ɗaya ne zai isa. Mazubin ya zama na roba, marar kusurwa mai kaifi, mai murfi, wanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari ko omo a cikinsa ba. Idan leda ce, a ninka biyu ko uku, ruwa ya zama kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun iska. Masu fitar da kifi waje iskar oksijin suke ɗurawa. Idan duro ne ko babbar kula, a sa ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir, a kuma riƙe batir na biyu.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba, alhali a cikin zafi ne kifi ya fi buƙatar iska. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, duron da ke bayan mota a fili tukunya ne. Tafiyar dare ko ta asuba ita ce daidai, a lulluɓe mazubin da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙara ba a jefa ta cikin ruwan kifi, sai dai a rufaffiyar kwalba, ita ma kaɗan. Da hunturu kuma akasin haka ne, sanyin asuba ake tsoro, sai a naɗe da bargo.

Akwai wani tarko a ƙarshen tafiya da ya kamata a sani. A cikin rufaffiyar leda, iskar da kifi ke fitarwa tana sa ruwan ya yi ɗan tsami, tsamin nan kuwa yana danne dafin amoniyar da ta taru. Da zarar an buɗe ledar iskar ta fice, sai dafin ya farka. Saboda haka bayan doguwar tafiya, a ɗora ledar a rufe a kan ruwan sabon akwati na minti 20 zuwa 30 har zafinsu ya daidaita, a buɗe, a fitar da kifin ba tare da jan lokaci ba, a zubar da ruwan tafiyar a waje.

Sai kuma abin da mai karatu ya fi mu sani, wato bakin iyaka. Atamfa tana kwana uku a duwan ba ta ce komai ba, albasa ma takan yi haƙuri, kifi kuwa sa'o'i yake ƙirgawa. Mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun kuma ga yadda aka toshe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen Yuli 2023 kaya suka koma tsallakawa ta kwale-kwale. Kada mutum ya ɗora kifi sai ya tabbatar hanyar a buɗe take, ya kuma je wurin ma'aikatan da ke kula da kamun kifi da likitocin dabbobi ya kammala takardunsa tun kifin yana gida.

Kifin da aka shigo da shi daga wata nahiya yana da nasa hukuncin. Arowana ta Asiya, wadda masu kuɗi ke rububi, tana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES mai kare halittun da ke neman ƙarewa, wadda ta soma aiki a 1975 kuma ƙasashenmu suna ciki. Wadda aka halatta sayarwa ita ce wadda aka haifa a gonar da aka yi wa rajista, tana ɗauke da ƴar na'urar shaida a jikinta da takardarta. Wanda aka yi wa tayin ta da arha babu takarda, rigima ya saya. Haka kuma baƙon kifin da ya gagari mai shi ba a kai shi kogi a saki. Giwan ruwanmu da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 yana cikin abubuwan da suka share nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200 a can.

Makon da ya biyo baya

Mun koma gidan Alhaji bayan kwana takwas. An rufe akwatin da murfi mai nauyi tun ranar farko, domin a daren farko ne baƙon kifi ya fi neman hanyar fita, kuma gwando da gaiwa ƙaramar kafa ta ishe su. An bar fitilar akwatin a kashe kwana biyu, an hana masu kallo ƙwanƙwasa gilas. Ba a sa masa abokin zama ba, yauni ba ya zama da kowa.

Kowace safiya matashin yana zuwa ya tsoma takardar gwaji. A rana ta uku ta ɗan nuna naitirait, sai ya zubar da kwatan ruwan ya mayar da wanda aka riga aka kwanar, washegari ta koma daidai. A dare na biyar aka ɗauke wuta har sa'a shida. Injin batir ne ya riƙe iskar, Alhaji kuma ya tashi da kansa ya tayar da janareta saboda matata, abin da iyalinsa suka ce bai taɓa yi wa firji ba.

Abinci sai a rana ta huɗu aka gwada, yanka ɗaya na karfasa, ya ƙi. Aka cire shi kafin ya ruɓe. A ta shida aka sake jefa masa, ya fito daga bututunsa, ya kewaya sau ɗaya, ya ɗauke. Tsohon akwatin yana nan a gefe da ruwa a ciki da injin iska, matashin ya ce kada a taɓa shi sai an cika mako biyu, ko da za a buƙaci mayar da kifin. Bayan nan dattijon ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin ƴaƴan gwando biyu, idan ruwa ya janye daga fadama.